Kwana Uku Babu Kwalba

"Bayan la'asar za su iso," in ji Safwan ta waya. "Baffa Sharhabilu da aminansa biyu. Ni zan tuƙo su, amma a mota zan tsaya. Ramlatu, kina ji na kuwa?"

"Ina jin ka."

"To me ya sa muryarki take rawa? Yau fa ranarmu ce. Kin san irin wuyar da na sha kafin Hajiya ta bari a zo."

Ramlatu ta juya ta kalli ƙofar ɗakin mahaifinta. A rufe take, amma tana jiyo ƙarar gadon ƙarfe yana motsi kamar ana jijjiga shi.

"Farin ciki ne kawai," ta ce, ta kashe wayar da sauri kada kukan da ya taso mata ya tona ta.

Shekarunta goma sha tara, kuma huɗu daga ciki ta yi su ne tana gadin sirri ɗaya.

Malam Hudu, mahaifinta, direban babbar mota ne a da, yana ɗaukar kaya daga tashar jirgin ruwa ta Kotonu ya kai arewa. Wata rana motar ta kife a hanyar Parakou, amininsa ya cika a gefensa yana kiran sunansa. Tun daga nan barci ya ƙaurace masa. Wani ya ba shi sodabi, barasar da ake dafawa daga ruwan kwakwar manja, ya ce ƙoƙo ɗaya zai sa ya runtsa. Ƙoƙo ya zama kwalba, kwalba ta zama abincin kullum.

Ba ya sha a unguwarsu ta Zongo. Can unguwar Gbégamey yake zuwa, inda babu wanda ya san shi, ya dawo yana tauna kanumfari. Idan maƙwabta suka ga yana tangaɗi, sai mahaifiyarta Mairama ta ce jiri ne da haɗarin ya bar masa.

A cikin gida kuwa babu wanda ake yi wa ƙarya. Ramlatu ta san bambancin takunsa tun daga bakin ƙofa, ta san ranar da za a ɓoye wuƙaƙe a bayan randa. Ba ta taɓa kawo ƙawa gida ba. Bara ta faɗi jarrabawar bak ta kammala sakandare, domin a daren da ya kamata ta yi bita tana tsaye ne tsakanin iyayenta. Ƙanwarta Najwa, 'yar shekara sha huɗu, wadda a da baki gare ta kamar rediyo, yanzu in'ina take yi, kuma ko murfin tukunya ya faɗi sai ta toshe kunnuwa.

Safwan ne kaɗai hasken da ya shigo rayuwar nan. Shi ke riƙe wa Baffansa harkar shanu, saurayi mai sanyin hali. Mahaifiyarsa, Hajiya Bilkisu, ta daɗe tana tanadar masa 'yar ƙanwarta, kuma wani raɗe-raɗi ya kai kunnenta. Wata biyu da suka wuce Safwan ya tare Ramlatu a ƙofar lise, sakandaren da take zuwa, ya ce, "Hajiya ta ce an ga Baba a wani wuri a Gbégamey. Gaya mini gaskiya, zan iya ɗauka."

Ta kalli tsakiyar idonsa ta ce, "Wallahi ƙarya ne."

Ya yarda. Da wannan rantsuwar ya je ya yaƙi mahaifiyarsa har ta sakar masa mara.

Ranar Laraba Ramlatu ta durƙusa gaban mahaifinta tana kuka, ta roƙe shi ya bar kwalba har baƙi su zo su tafi. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya zaro makullin babur ɗinsa ya danƙa mata.

"Ki ɓoye. Ko na roƙe ki kada ki ba ni."

Yau Asabar. Kwana uku ke nan ko ɗigo bai sha ba.

Ta tura ƙofar a hankali.

Yana zaune a bakin gado, rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi, hannuwansa biyu a matse tsakanin cinyoyi don su daina karkarwa. Kokon da ta ajiye masa da safe yana nan bai taɓa ba.

"Baba, sannu."

"Ramlatu." Ya yi ƙoƙarin murmushi. "Kin ga ubanki ya cika alkawari ko?"

"Ka cika, Baba."

"Yau zan zauna gaban mutane kamar kowane uba. In ce na ba su. Da bakina." Sai ya zabura ya kaɗe hannunsa. "Wa ya bar zuma a ɗakin nan? Tururuwa sun cika gado."

Ta duba zanin gadon. Fari tas, babu ko ƙwaro ɗaya.



Jiya ta hau zem, wato acaɓa, har unguwar Agontinkon, ta nemi kantin maganin da ba a san fuskarta ba, ta ce tana son maganin rawar hannu za ta kai wa wani maƙwabci. Matar da ke wurin, wata dattijuwa mai tabarau da ake kira Madam Latifatou, ta yi mata tambaya uku kacal ta gane komai. Ta jawo ta gefe.

"'Yata, wanda ya shekara yana sha kullum, idan ya tsaya rana ɗaya haka kwatsam, jikinsa yana iya juya masa baya. In ya fara ganin abin da babu, ko ya faɗi yana fizge-fizge, ki kai shi asibiti a take. Kuma ki gaya wa likita gaskiya. Abin nan yana kisa."

Da ta tuna wannan gargaɗin, Ramlatu ta fita da gudu zuwa madafa. Mairama tana juya wainar baƙi, Najwa tana jera lemo a tire.

"Mma, Baba ya fara gane-gane. Mu kai shi asibiti yanzu."

Mairama ba ta ɗago ba. Ba ta kiran sunan 'yarta ta fari, ko a yau ɗin ma ba ta kira ba. "Ke, rufa mini asiri. Saura awa biyu. In sun tafi sai mu kai shi."

"Matar ta ce yana kisa, Mma!"

"Ni kuma na ce abin kunya ma yana kisa!" Ta ajiye cokalin, idanunta jajur. "Shekara huɗu ina zama a kasuwar Saint-Michel ina sayar da atamfa da murmushi, cikina yana ƙuna. Don wa na yi? Don ku fita daga gidan nan da mutunci. Yau ƙofa ta buɗe miki, kina so ki rufe ta da hannunki? In kin fita, ita ma wannan za ta samu hanya."

Najwa ta kalli yayarta, leɓɓanta suna motsi. "Y-ya-yaya... z-zai mutu?"

"Ba zai mutu ba," in ji Ramlatu, ta rungume ta. Ita kanta ba ta san ko gaskiya ta faɗa ba.

Ana idar da sallar la'asar mota ta tsaya a ƙofar gida.

Ramlatu da Mairama suka sa wa Malam Hudu babbar rigarsa mai ruwan toka, wadda rabonsa da ita tun sunan Najwa. Mairama ta goge masa fuska, ta fesa masa turare, ta karkata masa hula. Da ya miƙe sai Ramlatu ta hango mahaifinta na da, wanda yake dawowa daga tafiya da kilishi a aljihu. Ta kau da kai don kada ya ga hawayenta.

Baƙi suka zauna a falo. Alhaji Sharhabilu dogo ne kakkaura, mai magana ɗaya-ɗaya kamar yana ƙirga shanu. A damansa Malam Tidjani, mai koyar da karatu a wani masallaci na unguwarsu. Na ukun ya ajiye ƙwaryar goro da alewa a tsakiyar tabarma.

Ramlatu da Najwa suka laɓe a bayan labule, hannunsu cikin na juna.

Aka gaisa. Aka tambayi iyali, aka tambayi kasuwa. Malam Hudu yana amsawa daidai, ya ɓoye hannuwansa cikin hannun riga. Ramlatu ta fara ƙirga numfashinta. Ya Allah, minti ashirin kawai. Ya Allah, goma sha biyar.

"To, Malam Hudu," in ji Alhaji Sharhabilu, "ɗanmu Safwan ne ya ga wani fure a gidanka, shi ne muka zo neman iri."

"Alhamdu lillahi," in ji Malam Hudu. "Ni dai... ni..."

Idanunsa suka kafe a kan ƙwaryar goro.

"Malam?"

"Wa ya shigo da shi?" Muryarsa ta koma raɗa. "Alhaji, janye ƙafarka. Ga shi nan yana fitowa."

"Mene ne?"

"Maciji! Ga wani! Ga su nan a bango!" Ya miƙe zumbur, ya shuri ƙwaryar, goro ya warwatse. Ya manne da bango yana kaɗe rigarsa, yana kiran sunan amininsa da ya rasu. "Dramane, fito daga motar! Fito za ta kama da wuta!"

Sai jikinsa ya sandare. Ya faɗi rigijib, kansa ya bugi ƙafar kujera, ya hau fizge-fizge, kumfa mai haɗe da jini tana fita ta gefen bakinsa.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Najwa ta saki wata ƙara, ta durƙushe ta toshe kunnuwa. Mairama ta faɗo falon ko mayafi babu. Ihun ya kai waje, Safwan ya banko ƙofa ya shigo.

"Iska ce!" Mairama ta faɗa tana haki. "Tun haɗarin nan take taɓa shi. Iska ce, Alhaji, ba wani abu ba ne."

Malam Tidjani ya gyaɗa kai cikin tausayi. Ya naɗe hannun riga ya dafa goshin Malam Hudu. "Na ga alama tun da ya fara kallon ƙasa. Kada kowa ya tsorata. A kawo ruwa a kofi, a rufe ƙofa. Zan yi masa karatu, a bar shi ya kwanta zuwa safiya, da yardar Allah zai tashi garas."

"Ko mu kai shi asibiti?" in ji Safwan.

"Ba ciwon asibiti ba ne, ɗana," Mairama ta tare shi da sauri. Ta juyo ta kalli labulen, ta kafe Ramlatu da ido. Roƙo ne tsantsa a cikin kallon.

Fizgar ta lafa. Malam Hudu yana kwance yana wani irin minshari, leɓɓansa sun yi duhu. Ramlatu ta ga hanyar a buɗe: in ta yi shiru, baƙi za su tafi da tausayi, a sa rana, babu wanda zai ƙi 'yar mai lalurar iska. Zuwa safiya kawai.

Sai ƙafarsa ta sake harbawa. Fizgar ta dawo, ta fi ta farko.

Ba ta san lokacin da ta yaye labulen ba.

"Ba iska ba ce."

Kowa ya juyo.

"Ke!" in ji Mairama. "Koma ciki!"

"Ba iska ba ce, Malam." Ramlatu ta ci gaba. "Giya ce. Babana yana shan giya, shekara huɗu, kullum. Ya daina kwana uku da suka wuce saboda zuwanku, shi ne jikinsa ya kasa ɗauka. In aka bar shi zuwa safiya gawarsa za a tarar. Don girman Allah ku taimake ni."

Dugadugan Malam Hudu suna ta bugun siminti. Mairama ta sulale ƙasa ta ɗora hannu a ka. Malam Tidjani ya janye hannunsa a hankali.

Ramlatu ba ta kalli kowa ba sai Safwan. Yana tsaye, baki a buɗe, kamar wanda aka mara a tsakiyar kasuwa.

Alhaji Sharhabilu ne ya fara motsi. "Safwan! Tsayuwar me kake yi? Kama kafaɗunsa. Malam, kama ƙafa."

Kafin su fito da shi, rabin layin ya taru a ƙofar gida. Taga a buɗe take. An ji komai.

A asibiti likitan ya tambayi abin da ya faru, Ramlatu ta yi masa bayani da Faransanci, ba ta rage komai ba. Aka shige da shi da gudu. Bayan kamar awa ɗaya likitan ya fito ya ce an samu fizgar ta tsaya, amma sai an riƙe shi kwanaki.

"Wa ya ce a kawo shi?" ya tambaya.

"Ni."

"Kin kyauta. Da kun ƙara jinkiri, da wani zancen ake yi."

Alhaji Sharhabilu ya kira ta gefe. Ta durƙusa har ƙasa.

"Yarinya, kin ceci ubanki, Allah ya yi miki albarka. Amma ni ɗan aike ne. Abin da idona ya gani ba zan ɓoye wa uwar yaron nan ba." Ya juya ya nufi mota.

Safwan yana jingine da wani ginshiƙi. Wayarsa tana ta ruri a aljihu, bai ɗauka ba. Ta matso, ta tsaya nesa kaɗan.

"Safwan..."

"Na tambaye ki." Muryarsa ƙasa-ƙasa. "Na ce zan iya ɗauka. Kika ce wallahi."

"Na ce."

"Na je na tsaya gaban mahaifiyata na ce mata ƙazafi take yi wa bawan Allah. Ta yi kuka, Ramlatu. Kwana biyu ba ta amsa gaisuwata ba."

Hawaye suka wanke mata fuska. "Na ji tsoro ne. Kai kaɗai ne kake kallona ba tare da na ji kamar wani wari yana bina ba. Na ce in ka sani, kai ma za ka..."

"Ba shan Baba ne ya tsorata ni ba," ya katse ta. "Jarrabawa ce, tana kan kowa. Abin da ya tsorata ni shi ne yadda kika kalli idona kika rantse, ko ƙiftawa ba ki yi ba."

"Shekara huɗu nake koyon haka," ta ce cikin shessheƙa. "Na yi wa malamaina, na yi wa ƙawayena, na yi wa maƙwabta. Tun ina 'yar sha biyar ban san wata hanyar rayuwa ba."

Aka danna hon daga waje. Ya goge idonsa da bayan hannu.

"Zan mai da su gida."

"Za ka dawo?"

Ya tafi.

Hantsi ya dubi ludayi washegari kafin Malam Hudu ya buɗe ido. Mairama ta koma gida wurin Najwa, kuma tun jiya ba ta ce wa Ramlatu uffan ba. Ya kalli robar ruwan da ke hannunsa, ya kalli 'yarsa.

"An sa rana?" ya tambaya da ƙyar, harshensa a kumbure.

Ƙarya ta zo mata har bakin leɓe, a shirye, mai sauƙi. Ta haɗiye ta.

"Ba a sa ba, Baba. Ka faɗi a gabansu. Ni kuma na gaya musu dalili."

"Kin gaya musu..."

"Duka. Unguwa ma ta ji."

Ya juya fuskarsa bango. Kafaɗunsa suka fara girgiza. Ta ja baya kaɗan, jikinta ya shirya wa abin da ya saba shirya wa. Amma hannunsa ne ya lalubo nata a kan gado, ya riƙe.

"Ki ce wa likitan kada ya sallame ni da wuri," ya ce, bai juyo ba. "Ina tsoron hanyar gida."

Da ta fito neman likitan, sai ta ga Safwan a kan baranda, da kayan jiya a jikinsa.

"Hajiya ta ce ko sunanki kada in sake kira," ya ce, ba tare da gaisuwa ba. "Baffa ya ce shi bai janye ba, bai kuma ci gaba ba. Ya ce yarinyar da ta zaɓi ran ubanta a kan aurenta ba abin yarwa ba ce, amma sai ya ga inda Baba ya dosa. Ni kuma ban san me zan yi ba, Ramlatu. Abu ɗaya na sani. Ba zan sake tsayawa gaban kowa ina kare abin da ban sani ba. In akwai saura, ki gaya mini yau. Duka."

Ta jingina da bango. Akwai saura. Akwai abin da ko Najwa ba ta sani ba, abin da ya sa take kasa daɗewa a sujada.

"In na faɗa za ka tafi."

"Wataƙila. Faɗi."

Ta runtse ido.

"Azumin bara, ranar da ya karya wa Mma hannu, na yi alwala, na shimfiɗa darduma, na roƙi Allah ya ɗauki ransa. Da gaske na roƙa. Jiya da ya faɗi, kafin in yi magana, sai da wani abu a zuciyata ya ce, ki yi shiru, addu'arki ce aka amsa."

Ta jira ƙarar takunsa yana tafiya. Wata nas ta wuce da keken magani. Wani jariri yana kuka a ɗakin gaba.

Da ta buɗe ido, Safwan yana nan. Fuskarsa ta jiƙe. Ya ja dogon numfashi, ya zauna a bakin wani benci, ya matsa ya bar mata wuri.

"Ina ji," ya ce. "Ci gaba."